Jar Akuyar da Na Aika Tambuwal

Kebbe, 6 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da yaran da kake koyarwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat. Innarka gwiwa ta matsa mata amma da sauƙi, tana gaishe ku. Shanu sun rame, sai dai ba wadda ta kwanta.

Ɗangiwa mai kabu-kabu ya gaya mani Batula ta gama wanka a gidansu na Jabo, ta dawo ɗakinta da takwarana. Alhamdu lillahi. Haliru, tun ranar suna ban koma daidai ba. Tun ina yaro ni kaɗai ke amsa Lauwali a gidanmu, yau ga shi mun zama biyu. Ran nan a ajin yamma malam ya ce kowa ya rubuta jimla ɗaya a allo, na tashi na rubuta: Lauwali ya haifi Haliru, Haliru ya haifi Lauwali. Tsofaffin nan sunka yi ta dariya. Namadi maƙwabcina ya ce in haka ne, to ni jikan kaina ne.

Kada ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ka san sai na hau tudun bayan gida take kamawa, in ta kama kuma kunnena ba ya kamawa. Ban zauna aji da furfurata don biro ya bushe ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ɗangiwa ya ce ranar da ya kai maku gero, tun da ya shiga har ya fito yaron kuka yake. Ya ce wa Batula ta ba shi ruwa mana, ta ce a'a, a asibiti an hana, nono kaɗai. Da na ji wanga zance tuwo ya fita raina. Cikin zafin da tsuntsu ke faɗowa daga icce, a ce jariri ko ɗigon ruwa? Kuma Batula siririya ce, ga haihuwar fari. Ina ta ga nonon da zai ishi namiji? Kukan nan na yunwa ne, ni na san shi.

Don haka ga jar akuyata nan na ɗaura wa Ɗangiwa a babur. Ka san ta, mai yankakken kunne. Ba ta daɗe da haihuwa ba, hantsarta har tana hana ta tafiya. Ɗanta na riƙe shi nan, don in sun tafi tare shi zai shanye rabon takwarana. Innarka ta ce bai isa rabuwa da uwa ba, na ce zan haɗa shi da wata akuyar. A tatse ta safe da maraice, a tafasa, a sirka da ruwa, a ba yaron. Ga bulumboti, kwalbar shayar da jariri, na saya a kasuwa, sabo fil, da damin harawa biyu.

Ka gaida Batula. Ka ce wa takwarana ya yi ƙiba kafin in zo, don kokawa za mu yi, kuma ba na son a ce na kayar da ramamme.

Mahaifinka,
Lauwali

*

Tambuwal, 10 ga Afrilu

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da ladabi, muna fata kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Wasiƙarka ta iso, akuya ma ta iso lafiya, sai dai ta jiƙa wa Ɗangiwa riga a hanya. Ya shigo yana rantsuwa ya daina ɗaukar fasinja mai ƙafa huɗu. Mun gode ƙwarai, Allah ya bar mana kai.

Malam Ƙarami, haka muke kiransa tunda bakinmu ba zai iya faɗin sunan ba, lafiyarsa ƙalau. Ranar da Ɗangiwa ya zo an yi masa allurar rigakafi ne da safe, shi ne dalilin kukan. A wurin awo sun ce nauyinsa yana hawa yadda ake so.

Baba, ina neman afuwa kan abin da zan faɗa. Nas ɗin da ke duba su ta zaunar da mu, ni da Batula, ta yi mana bayani. Ta ce har ya cika wata shida kada a ba shi komai sai nonon uwa, ko da ruwa ne. Ta ce ruwan da jikinsa ke nema yana cikin nonon, in zafi ya yi yawa sai a riƙa ba shi a kai a kai. Ta ce cikin jariri bai iya ɗaukar nonon dabba ba tukuna. Ga shi kuma ruwanmu a nan na 'yan ga-ruwa ne, ba mu san inda suke ɗebowa ba, bulumboti kuma wanke shi ya fita tas yana da wuya. Sirantar Batula ba ta rage komai ba, yaron yana sha har ya saki da kansa ya yi barci.

In ka yarda, Batula ta riƙa shan nonon akuyar a fura. Ta haka zai isa ga takwaranka ba tare da ya cutu ba. Ko kuma mu mayar da ita wurin ɗanta, don tun da ta zo ba ta rufe baki ba.

Batula tana gaishe ku da kyau.

Ɗanka,
Haliru

*

Kebbe, 13 ga Afrilu

Haliru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Na karanta wasiƙarka, na sake karantawa, na kai wa malamin ajinmu ya duba mani ko karatuna ne ya ɓata ma'anar. Ya ce daidai na karanta.

Kai da mi anka raine ka? Ba ka cika wata biyu ba kakarka ta fara ɗura maka nonon saniya da ludayi, ga ka nan yau kana tsayawa gaban aji. Mu da munka tashi cikin garke, yau mu za a koya wa nono? Nas ɗin nan ban raina karatunta ba, amma ita yara ɗari take dubawa, ni jika ɗaya gare ni.

Kuma ka sani, na riga na gaya wa duk majalisa. Kowa ya ga akuyar nan a bayan babur, kowa ya sa mani albarka. Namadi har cewa ya yi in ɗiyarshi Najiba ta sauka, shi ma haka zai yi wa nashi jikan. Yanzu a ga akuya ta dawo, in ce masu mi? Ɗana ya ce kyautata cuta ce?

Batula ta ci gaba da ba shi nata, ban hana ba. Ƙari ne na aiko. Fura kuwa in tana so ta saya, akuyar ta takwarana ce.

Tun da ka kama aiki ban taɓa ɗora maka wani nauyi ba. Wannan ba shawara ba ce. In dai ni na haife ka, a ba yaron nan nonon akuya. Na rubuta, na sa hannu.

Mahaifinka,
Lauwali

*

Kebbe, 4 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu nan lafiya, hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma bai sauko ba. Mun gama sharar gona.

Shirun ya yi yawa. Bayan wasiƙata ta baya Ɗangiwa ya gaya mani ya ga bulumboti a bakin takwarana, yana zuƙa kamar wanda ake kora. Ran nan da daɗin rai na kwana. Daga nan ban sake jin komai ba. Ranar kasuwarku da ta wuce ya biya gidanka, ya tarar da ƙofa a rufe, akuya ɗaure tana kuka, bai ga wanda zai tambaya ba. Na hau tudu na kira ka har wayar ta mutu a hannuna, ba ka ɗauka ba. In fushi kake da ni kan wasiƙar nan, ka yi fushinka, amma ka aiko mani da labarin yaron.

Bari in gaya maka abin da ke damuna, ko da za ka yi mani dariya. Ɗan akuyar nan da na riƙe. Na kai shi ga baƙar akuya ta tunkuɗe shi, na kai shi ga ta Innarka ita ma ta ƙi. Sai na koma ba shi nonon saniya a kwalba, ina sirkawa da ruwan rijiya, kamar dai yadda na ce ku yi. Da farko ya karɓa, har yana bina duk inda na yi, yara suna ce mani uwar akuya. Sai zawo ya kama shi. Ƙafafunshi na baya kullum a ɓace. Na ƙara mashi nonon don ya samu ƙarfi, abin ya ƙaru. Yanzu gashinshi ya tashi, cikinshi ya shafe, in ya miƙe sai ya yi ta rawa. Idonshi ya faɗa ciki, Haliru.

Jiya da hantsi ina durƙushe ina ɗura mashi, Innarka ta zo ta tsaya a kaina. Ta dubi ɗan akuyar. Can ta ce, "Wanga dai dabba ne. Allah shi sa na Tambuwal ya fi shi ƙarfin ciki." Ta wuce madafa.

Ka amsa mani ko da layi ɗaya ne. Na ce wa Ɗangiwa kada ya dawo sai ya gan ka da idonshi.

Mahaifinka,
Lauwali

*

Tambuwal, 7 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku kai da Inna. Ba fushi nake ba. A asibiti Ɗangiwa ya same ni, a kan benci nake rubuta wannan. Malam Ƙarami yana da rai. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Mun yi yadda ka ce. Da a baki ka faɗa, wataƙila da na lallaɓa na samu hanya. Amma ka rubuta, na karanta wa Batula, ta sunkuyar da kai ta ce, "Maganar Baba ce, a yi." Ita ta wanke bulumbotin da hannunta.

Yaron ya so shi, saboda yana zuba ba wahala. Cikin 'yan kwanaki sai ya fara ƙin na uwarsa, in ta sa shi ya kau da kai ya yi ta ihu. Ƙirjinta ya kumbura ya yi mata ciwo, daga baya ya saki. Sai zawo ya fara. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce nonon Batula ne ba shi da kyau, ai ga shi yaron da kansa ya ƙi shi, a dakatar da shi. Mun firgita, muka dakatar, muka bar shi da na akuya zalla. Wannan kuskuren namu ne, ba ka ce mu yi haka ba.

Ranar da muka kawo shi maɗigarsa ta lotsa, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye. Sun sha wahala kafin su samu jijiya su sa masa ƙarin ruwa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi. Yanzu zawon ya ragu, yana buɗe ido.

Abin da ya rage shi ne nonon Batula ya kusa ƙafewa. Sun ce in bai dawo ba za a sha wahalar rainon yaron nan, don jikinsa ya yi rauni.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Nas ɗin nan da ta yi mana bayani tun farko ita ta karɓe mu. Ta dubi Batula ta ce, "Haba ɗiyata, ba ni da ke muka zauna ba? Wa ya ce ki ba shi nonon akuya?" Batula ta ce, "Ni ce. Ganin kaina ne." Ta sha faɗa a gaban matan ɗakin duka, ba ta ɗaga kai ba. Ina tsaye a wurin, Baba, ban buɗe baki ba.

Na ga kiranka a waya. Ban san yadda zan gaya maka ba tare da ka ji kamar ina ɗora maka laifi ba, shi ya sa na yi shiru. Ku sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Haliru

*

Kebbe, 9 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Yaya Batula? Allah shi ba shi lafiya, Allah shi tashi kafaɗunshi.

A tsaye na karanta wasiƙarka. Na karanta wa Innarka. Da na zo inda Batula ta ce ita ce, na aje takardar na fita waje.

Jiya na sa riga na hau bayan Ɗangiwa za ni wurinku. Mun fita gari kaɗan na ce ya juya. Ya ce, "Baba Lauwali, mantuwa ka yi?" Na ce juya dai. Da wane ido zan dubi yarinyar nan? Ta rufa mani asiri a gaban mutane, ni da na kusa kashe mata ɗa.

Na ce wa Innarka ni dai alheri na nufa, ai haka anka raini Haliru. Ta ce, "Kullum Haliru, Haliru. Yayyenshi biyun fa? Ba zawo ne ya ɗauke su ba, suna cikin zanen goyo?" Ban taɓa haɗa wanga da wancan ba sai jiya. Allah ne ya san gaskiyar abin, kuma kowa da kwananshi.

Abin da ya fi ci mani rai, ni makiyayi ne. Ko saniyar da ta fi kowace nono, ban taɓa yarda a tatse ta ba sai maraƙinta ya fara sha. Na san in an janye maraƙi hantsa bushewa take yi. Na san wannan tun ban san harafi ɗaya ba. Murna ta rufe mani ido, sannan kunyar majalisa ta ƙarasa ni. Ka gaya mani gaskiya cikin ladabi, ka ma nuna mani hanyar fura, na ƙi ji.

To ka saurara. Da rubutu na ɗaure ku, da rubutu nika kwance ku. Maganata ta baya na janye ta. Ka jefa bulumbotin nan a masai. Duk abin da nas ta ce shi za a yi, ko ya saɓa wa nawa, yau da gobe da kullum. Kuma ka je ka same ta, a gaban matan nan in da hali, ka ce mata ba Batula ba ce. Ka ce wani tsoho ne a Kebbe, Lauwali, shi ya aiko da akuya, shi ya tilasta. Ka faɗi sunan, na yafe maka kunyar.

Abu ɗaya kuma, wannan tambaya ce ba umurni ba. A garke na sha ganin saniyar da nononta ya ja baya, in an mayar mata da maraƙi yana ta tsotsa, sai ya dawo. Ban sani ba ko na mutane haka yake. Ka tambayi nas.

Da na sauka daga babur gidan Namadi na wuce, don Najiba ta sauka shekaranjiya, mace. Na tarar har ya ware akuyar da zai aika. Ya ce, "Kai da ka koya muna, yau kai ka hanawa?" Na ce zo ka gani. Na kai shi turke na nuna mashi ɗan akuyata yana kwance, sannan na karanta mashi wasiƙarka. Ya koma ya kwance tashi ya mayar garke.

Ban iya rubuta wa Batula ba. Ka ce mata surukinta yana neman gafara.

Mahaifinka,
Lauwali

*

Tambuwal, 27 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ni ce Batula. A gafarce ni da na rubuto da kaina, na roƙi baban Malam Ƙarami ya bar ni, don saƙon da ka aiko ya fi ƙarfin a amsa shi da bakin wani.

Baba, babu abin da zan yafe. Wanda bai damu da yaro ba ba zai raba akuyarsa da ɗanta saboda shi ba. Ni ma ina da nawa. An gaya mini gaskiya a asibiti, na ji, na kuma gane, amma na ji kunyar a ce matar ɗa ta mayar da kyautar suruki. Da na ɗaure na yi magana, ko ta bakin Inna ce, da ba a kai nan ba.

An sallame mu, muna gida. Baban Malam Ƙarami ya je ya gaya wa nas kamar yadda ka ce, a gaban kowa. Da ya zo faɗin sunanka sai da ya yi tari, matan ɗakin suka yi ta dariya. Nas ta ce a gaishe ka, ta ce ba ta taɓa samun kakan da ya aiko a kama shi da kansa ba. Tambayarka kuma ta ce haka ne, na mutane ma tsotso ne ke kiransa.

Shi muka yi. Ta sa na riƙa rungume yaron a jikina ba riga, ina sa shi ko yaushe, ko ya nema ko bai nema ba. Kwanakin farko sun yi mini wuya. Yana kamawa ya saki ya yi ta ihu, ni ma in taya shi. Ɗan abin da na samu na tatsa, da madarar da suka haɗa masa a asibiti, da ƙaramin kofi ake ba shi, suna rage madarar kaɗan kaɗan. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta sake leƙowa da maganarta, na gaishe ta da kyau na ci gaba da abin da nake yi.

Sauran bayanin na mata ne. A gaya wa Inna kawai, ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi na ji shi yana haɗiya. Ta san abin da nake nufi. Yanzu ba ya shan komai sai nawa. Jiya an auna shi, ya fara hawa. Wuyansa har yanzu siriri ne, kokawar taku sai an ɗaga ta.

Ga akuya nan na ba Ɗangiwa, ya karya rantsuwarsa saboda ni. Ba mayar da kyauta na yi ba, Baba. Tun da ta zo, kullum fuskarta na wajen ƙofa tana kira. Da ban gane ba, yanzu na san abin da take nema. An ce ɗanta ba shi da lafiya. A sa shi a jikinta, in sha Allahu zai tashi kamar yadda nawa ya tashi. Don Allah a rubuto mini yadda suka haɗu.

'Yarka,
Batula

*

Kebbe, 1 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Batula,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida takwarana. Mu nan lafiya. An yi ruwan shuka, mun shuka gero.

Wasiƙarki ta iso. Da na karanta wa Innarku inda kika ce kin ji shi yana haɗiya, sai ta manta da gwiwa, ta miƙe ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka leƙo ta katanga suna tambaya wa ya haihu. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi sujada. Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Kin ce babu abin yafewa. Akwai, amma na karɓi abin da kika ba ni.

Ga saƙo nan wurin Ɗangiwa: gero, gyaɗa, busasshen zogale, da man shanu da Innarku ta kaɗa da hannunta. Duka naki ne. Takwarana ko warinsu kada ya ji sai ta wurinki. In ya cika wata shida, ki tambayi nas abin da za a fara ba shi, ki aiko mani, shi zan kawo, ba ƙari ba ragi. Ranar nan nika son zuwa, in kin yarda in riƙe mashi cokali. Kokawa kuma ki ce mashi ba gudu na yi ba, ina jiranshi.

Jikar Namadi tana nan tana shan na uwarta. Yanzu Namadi ke tare mata a ƙofar gida yana hana su kai mata ruwa, har Najiba ta ce ya fi nas tsanani.

Kin ce in rubuta maki yadda sunka haɗu. Na so in ce maki lafiya lau, na ma fara rubuta haka na yage takardar. Kin ɗauki laifina a kanki sau ɗaya, ba zan biya ki da ƙarya ba.

Ba su haɗu ba. Ɗan akuyar ya mutu tun kafin a sallame ku. Na gina rami bayan garke na rufe shi, na hana kowa gaya maku don kuna cikin naku.

Da Ɗangiwa ya sauke ta, ba ta tsaya an kwance mata igiyar wuya ba. Ta fizge ta yi cikin gida da gudu, ta wuce harawa, ta wuce ruwa, ta tafi kai tsaye turken da na raba su. Ta shinshina ƙasa, ta shinshina turken, ta zagaya, ta ɗaga kai ta kira. Ta jira. Ta sake kira. Hantsarta a cike, har yana ɗiga a ƙasa. Ɗangiwa da bakinshi ba ya rufuwa, ran nan ko sallama bai yi ba ya ja babur ɗinshi ya fita.

Ni ke tatsarta yanzu safe da maraice don kada ya yi mata ciwo. Innarku tana dama fura da shi, ni ban iya sha ba. Kullum in garke ya dawo, sauran su wuce wurin ruwa, ita ta tsaya a turken nan ta kira. Innarku ta ce in tumɓuke shi ko ta manta. Na ce a bar shi inda yake.

Ki riƙe takwarana da kyau a jikinki.

Surukinki,
Lauwali